Fikof ɗin Baba Ƙasa-ƙasa

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Ƙasa-ƙasa ake ce masa, don in yana magana sai ka matso har ka ji ƙanshin man keke a rigarsa kafin ka tsinci abin da ya faɗa. Mama kuwa, abin da Allah ya rage masa ita ya ƙara wa. In ta ce "wa ya bar famfo a buɗe" daga kicin, mai shagon bakin titi sai ya waiga ya duba nasa famfon. Ni na gado ta, kowa ya shaida, saboda haka in kun ji labarin nan ya cika ƙara ku yi haƙuri, a nono na sha.

Shagon Baba ɗan ɗaki ne da bai wuce a shimfiɗa katifa biyu ba. Kawunan kekuna jere a kan benci, gwangwanayen madara cike da kusoshi da allurai, tsofaffin bel rataye a bango, da wani tsumma da ya sha mai har ya manta launinsa. Tela zai shigo da kan kekensa a kafaɗa ya fara dogon bayani, yana tsinke zare, yana tsallake ɗinki, jiya ma ya cinye wa wata mata gefen mayafi. Baba ba ya sauraron tela. Sai ya ɗora haɓarsa a kan keken, ya lumshe ido, ya juya shi a hankali da hannu. Yakan ce kunne ƙarar waje yake ji, haɓa ke jin ta ciki. Har yau akwai baƙar kanta a ƙarƙashin gemunsa saboda wannan sauraro.

Jitar kuwa tun yana saurayi ya same ta. Wani tela da zai tashi daga unguwar ne ya jingine ta a ƙofar shagon tare da tarkacen da ba ya so, wuyanta a karye, tsirkiya ɗaya babu. Baba bai iya ganin abu a karye ya wuce ba. Ya haɗa wuyan da gam da kusa, ya nemi tsirkiya bai samu ba, sai ya ɗaura zaren roba irin na kamun kifi a gurbinta, wai kafin a samu. Ba a taɓa samu ba, don bai sake nema ba. In zaren ya tsinke, wurin masu sayar da fatsa yake zuwa. Ba wanda ya koya masa kiɗa, kuma in za a faɗi gaskiya kiɗa ɗaya tak ya iya.

Kullum in ya taso da yamma, sai ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauko jitar ya zauna a kan ɗan bencin da ke ƙarƙashin tagar kicin. Yadda yake yi wa keke haka yake yi mata, ya duƙa ya kwantar da haɓa a kafaɗarta, ido a rufe. Mama tana ciki tana girki tana jefo tambayoyi ta taga.

"Malam, ka ci abin da na zuba maka da rana? Ka sha maganin? Ina hularka? Yaushe za a gyara ƙofar banɗakin nan?"

Amsa babu, sai tin-tin-tin.

"Mutum sai ka ce bango," in ji ta. "Ana magana yana fama da akwatin sauro."

Akwatin sauro take kiran jitar, saboda ƙararta ba ta fi kukan sauro ba. Da wannan muka tashi, tambaya daga ciki, tin-tin daga waje, kuma ƙofar banɗakin har na yi aure na haihu ana tokare ta da bokiti.

Bara ne kunnen Mama ya fara nauyi. Talabijin ɗinta ya koma na duk layi. In ka yi mata magana sai ta ce mutanen yanzu duk sun koma irin ubanku, ba mai buɗe baki. Yayanmu ya taɓa gigin ce mata ta je a duba kunnen, ta wanke shi tas, ta ce uwarsa yake kira kurma, Allah ya shirye shi. Tun daga ranar kowa ya kama bakinsa, har ni da ba na iya kama nawa.

Wata yamma na biya gidan na tarar da ita a kicin tana yanka albasa, shiru, ba tambaya ko ɗaya. Baba yana waje a kan bencinsa, kiɗan na shigowa ta taga kamar kullum. Ta jawo hannuna, ta yi abin da a wurinta raɗa ce.

"Babanku ya daina kaɗa abin nan."

Na kalli tagar da kiɗan ke shigowa.

"Tun watan jiya," ta ce. "Ya dawo ya zauna shiru. Ban san me na yi masa ba. Ko faɗan ne ya ishe shi, oho. Ni ma na daina tambayarsa komai, kada in ƙara."

Ta goge ido da bayan hannu ta ce albasar bana ba ta da mutunci. Wallahi ban taɓa jin tausayin uwata irin na ranar ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana zagin akwatin sauro, ashe da shi take sanin mijinta na nan kuma lafiya suke. Ita ba ta taɓa leƙowa ta kalle shi yana kiɗa ba, ji kawai take yi. Sai kuma na lura kiɗan ya tsaya a waje, don raɗar Mama ko a bakin titi an ji ta.

Washegari sai ga Baba a shagona, inda nake buga wa mutane takardu da hotuna. Bai taɓa zuwa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu, ya faɗi wani abu. Na kashe injin kwafi na matso.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "so nake Mamanku ta ji."

"Baba, asibiti za mu kai ta."

"Ba za ta je ba. Ni kuma bakina ba zai ce mata kurma ba."

Ya ce wani tela ya gaya masa akwai ɗan abin da ake maƙala wa jita, a haɗa da lasifika, ta yi ƙara. Fikof sunansa. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ga shagon Tartsatsi can tsallaken titi, shi ke gyaran lasifika da kayan makaɗa. Muka sa ranar Asabar.

To, a nan bakina ya jawo mana. Da yamma na raka shi gida, ina shirin tafiya na juyo daga ƙofa na ce, da wannan muryar tawa, "Baba, kada ka manta, Asabar za mu je mu zaɓo fikof ɗin." A duk maganar, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Mama, kuma ita ce ba a so ta shiga. Ta fito da ludayi a hannu.

"Fikof? Ubanku zai sayi fikof?"

Kowa ya san fikof mota ce mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaukar kaya. Na buɗe baki zan gyara, Baba ya kalle ni ya girgiza kai kaɗan. Na gane. In na ce ba mota ba ce, sai in faɗi mene ne, in na faɗi mene ne, sai in faɗi don me. Na haɗiye maganata.

"Ashe shi ya sa ya yi shiru," in ji Mama, fuskarta ta washe. "Tunanin mota yake yi. Kai Malam, ka iya ɓoye abu."

Kafin gari ya waye labari ya gama layi. Kafintan da ke kusurwa ya zo da sassafe ya ce a sa shi a layin farko, yana da gadaje da zai kai wa wani otal. Matar mai burodi ta ce ita buhunan fulawa ne kawai, kuma ba kullum ba. Wani tsoho da ba mu ma san shi ba ya tsayar da Baba a hanya ya ba shi shawara a kan taya. Mama ta sa aka kwashe bulon da ke ƙofar gida tun zamanin da za a yi ɗaki ba a yi ba. Ta cire igiyar shanya. Ta auna faɗin ƙofa da zanenta, ta ce motar za ta shiga in an naɗe madubi. Ta kira ni a waya ta ce kada in bari ya ɗauko fara, fara ba ta ɓoye datti, kuma kada ja, ja ta 'yan iska ce. Na ce to. Ta sake kira ta ce wa ma zai tuƙa, mutumin da ko keken hawa in ya zo kwana sai ya sauka ya tura.

Ni kuwa dariya ta hana ni aiki, tsoro ya hana ni barin dariyar. Na buga wa wani mutum hoton fasfo kansa a ƙasa. Baba ya ci gaba da zuwa shago yana amsa barka da arziki da ɗaga hannu. Abin da ya fi ba ni haushi, Mama ba ta yi walwala irin ta makon nan ba tun da kunnen ya fara.

Ranar Asabar muka tsallaka shagon Tartsatsi, Baba rungume da jitar a cikin tsohon zanen gado. Ana kiransa Tartsatsi ne don duk abin da ya taɓa sai ya ba da wuta kafin ya yi aiki. Siriri ne mai saurin baki, sukudireba a bayan kunne, shagon cike da cikin lasifiku a buɗe da wayoyi a ƙasa da sai ka ɗaga ƙafa. Ya warware zanen, ya juya jitar gaba da baya, ya ga kusoshin wuyan.

"Baba, wannan jita ce ko majinyaciya?"

"Kai dai nuna mana abin da muka zo nema," na ce.

Ya shimfiɗa tawul ya jera iri uku. Na farko ɗan baƙin sanda ne da ake gittawa a bakin ramin jitar, ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ya ce maganaɗisu ne a ciki, ba huji, ba gam, in ka gaji da shi ka cire. Ya maƙala, ya soka waya, abin ya yi tas ya ba da ɗan wuta, ya ce to yanzu ya yi. Baba ya zauna a kan wata lasifika ya fara. Kai, ƙara kam ta fito, har mai gyaran taya na maƙwabta ya leƙo. Amma kiɗan da na sani tun ina goye ya fito da giɓi, sai ka ce bakin tsohuwa. A yi tin-tin, a yi shiru, a yi tin, a sake yin shiru. Tartsatsi ya karɓa ya ja tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan zaren roba lasifika ta yi gum. Ya kai ido kusa, ya murza zaren da yatsa, ya fashe da dariya.

"Anti, wannan ai na kama kifi ne. Maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ji. Bari in sa masa ta ƙarfe, yanzun nan."

Baba ya ce wani abu. Muka duƙa mu biyu.

"Da wannan ta san kiɗan."

Tartsatsi ya kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Aka ajiye na farko.

Na biyu siririn abu ne kamar tsinken sakace. Ya ce wannan a ƙarƙashin jaki ake sa shi, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikin jitar, kuma ba ruwansa da ƙarfe ko roba, duk wanda ya motsa zai ji. Na ce Allah mai iko, mutanen layi na can suna jiran fikof, mu muna nan muna zancen jaki. Tartsatsi ya ce sai dai fa akwai ɗan huji, ɗaya a ƙarƙashin jakin, ɗaya a gindin jitar inda waya za ta fita. Yana faɗa yana jawo na'urar huji daga ƙarƙashin tebur, ya danna ta ta yi wani irin kuka. Kafin in juya, Baba ya naɗe jitarsa a zane ya kai bakin titi. Ban taɓa sanin tsohon nan na da sauri haka ba. Da ƙyar na kamo shi, sai da Tartsatsi ya sa na'urar a durowa ya rufe, ya nuna masa tafin hannu biyu, sannan ya yarda ya dawo.

Na uku bai fi maɓallin kwat ba, da ɗan gam mai danƙo a bayansa da siririyar waya. Tartsatsi ya ce shi wannan ba ya sauraron tsirkiya, katakon yake saurare, duk abin da jikin jitar ya ji shi ma ya ji. Na ga idon Baba ya ɗan buɗe.

"Kamar haɓa," ya ce.

"Kamar me?" in ji Tartsatsi.

"Kai dai manna," na ce.

Ya manna shi a fuskar jitar. Baba ya duƙa ya kwantar da haɓa ya fara, sai ga kiɗanmu ya cika shagon, cikakke, ba giɓi, zaren kifin nan yana fita da taushinsa. Amma fa abin ba ya da sirri. Maɓallin rigar Baba ya taɓa katako, muka ji ƙwas. Zobensa ya goga, muka ji. Cikinsa ya yi ƙugi don bai karya da kirki ba, lasifika ta sanar da mai gyaran taya. Na riƙe ciki ina dariya har da hawaye.

Tartsatsi ne bai yi dariya ba. Ya karkata kai.

"Akwai gunji a ciki. Ba kwa ji? Wani muuu a ƙasa."

Da ya faɗa sai na ji shi, wani gunji mai kauri yana bin kiɗan. Tartsatsi ya ce wuta ce, ya kashe fanka. Gunji na nan. Ya zare wayar firji. Yana nan. Ya canja waya, ya canja lasifika, ya fita ya roƙi mai walda ya dakata, ya dawo yana zufa yana rantsuwa cewa kayansa ba su taɓa yin haka ba. Sai da Baba ya ɗaga kai zai tambayi abin da ake nema, yatsunsa na ci gaba da kaɗawa, gunjin ya ɗauke ɗif. Ya mai da haɓa, ya dawo. Tartsatsi ya tsaya da waya a hannu.

"Baba, waƙa kake yi?"

Baba ya janye haɓarsa kamar katakon ya ƙone shi. Dattijo mai furfura, sai ga shi yana kallon ƙasa yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa na girma a gindin bencin nan, na yi rarrafe a ƙafafunsa yana kiɗa, ban taɓa sanin bakinsa na motsi a bayan jitar ba.

"Me kake cewa a ciki, Baba?" na tambaya.

"Ba komai."

Tartsatsi ya ga dattijo ya ji kunya, sai ya yi abin kirki. Ya ɓamɓare maɓallin ya riƙa gwada shi wuri-wuri, har ya sami inda muryar ba ta kaiwa sosai, can ƙasa bayan jaki. Ya zana da'ira da alli a wurin.

"Nan, jita kaɗai za a ji. Amma in ka matso da shi sama kusa da haɓa, to Baba, asirinka ya tonu."

Shi Baba ya zaɓa. Muka haɗa da wata 'yar lasifika mai batir da za a iya ɗauka da hannu ɗaya. Ya sa maɓallin a aljihun gaba ya dafe shi da tafi. A hanya na yi tambayar duniya a kan waƙar, har na yi fushi na ce ai ni ba baƙuwa ba ce, bai ce mini uffan ba.

Tun daga kwanar layinmu na hango abin da nake tsoro. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Mama na tsaye cikin kayanta na fita, kafinta na gefe, matar mai burodi da 'ya'yanta, har da tsohon nan mai shawarar taya. Suna ta leƙa bayanmu, mu kuwa ga mu a ƙafa, ni da 'yar lasifika, Baba da jita a zanen gado.

"Ina motar?" in ji Mama. "Tana baya ne?"

Baba ya sa hannu a aljihu, ya fito da maɓallin, ya buɗe tafinsa a gabanta. Kowa ya matso.

"Makullin ne?" in ji kafinta.

"Shi ne fikof ɗin," na ce, don wani dole ya faɗa. "Na jita ne."

Sai kafinta ya tambaya a hankali ko gado nawa yake ɗauka. Shi ke nan, layi ya kece. Matar mai burodi ta zauna a ƙasa. Tsoho mai shawarar taya ya tafi yana tari yana dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, sai da ta kuɓuce mini. Mama kaɗai ce ba ta yi ba. Ta kalli tafin Baba, ta kalli filin da ta share, ta kalli mutane.

"Ka mai da ni abin dariya a layi, Malam," ta ce, kuma karon farko a rayuwata muryarta ba ta kai bakin titi ba.

Ta shige. Jim kaɗan muka ji tukwane na karo da juna a kicin. Dariyar ta mutu a bakina, na ji haushin kaina da na kowa, na kori mutane na rufe ƙofa.

Baba ya wanke hannu da sabulu kamar kullum, ya zauna a bencinsa. Ya manna maɓallin daidai cikin da'irar alli. Na ɗora lasifikar a kan dakalin tagar kicin, bakinta na kallon ciki, na murɗa. Ya fara.

Tukwane suka yi tsit.

"Au," in ji Mama daga ciki. "Yau ka tuna da akwatin sauron?"

Ta ji. Na dafe ƙirji. Amma fushin bai sauka ba, sai ma ya sami hanya.

"Ka kunyata ni gaban mutane, ka zo ka zauna kana tin-tin. Wata guda ka yi mini shiru ban san laifina ba. Kuma dama can haka kake. Tun da na shigo gidan nan, Malam, ban taɓa tambayarka abu ka amsa mini ba. Ko sau ɗaya."

Kiɗan ya tsaya. Na ga Baba ya daɗe yana kallon da'irar allin. Sai ya sa farcen babban yatsa ya ɓamɓare maɓallin, ya matso da shi sama, can kafaɗar jitar inda katako ya yi duhu saboda gogar haɓa. Ya danna shi da kyau. Ya duƙa, ya lumshe ido. Wata murya ta fito daga tagar kicin, mai kauri, mai ɗan rawa, tana bin zaren kifin nan sawu da sawu.

"Na ci, ya yi daɗi, gishiri daidai.
Na sha maganin, da ɗaci na sha.
Hula na kaina, leƙo ki gani.
Ƙofa sai gobe, ƙofa sai gobe,
Ke dai kada ki daina tambaya."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ƙofa sai gobe. Ina dariya majina na zuba, ina kuka ina dukan cinya. Ashe duk shekarun nan da ake ce masa bango, mutumin nan amsa yake bayarwa ɗaya bayan ɗaya, cikin katako.

Mama ta fito da ludayi a hannu, har yanzu cikin kayan fita. Ta tsaya a kansa.

"Tun yaushe kake wannan?"

Ya ɗaga kai ya amsa. Ta ce, "Me?" Sai ya mai da haɓarsa kan jitar, maganar ta fito ta taga.

"Tun ranar da kika fara tambaya."

"Har watan jiya?"

"Ban fasa ba ko yamma ɗaya. Da kika daina tambaya ma, ina amsawa."

Mama ta kalli jitar, ta kalli lasifikar da ke kan taga, ta kalli ɗan maɓallin da wayarsa. Mace ce mai kaifin kai, ba sai an yi mata bayani ba. A hankali ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta.

"Ashe ni ce," ta ce.

Baba ya matsa gefe a kan bencin, ta zauna, wurin da ban taɓa ganinta ta zauna ba. Ta juyo kaina.

"Ke kuma kin baje a ƙasa kamar kayan wanki. Miƙo mini abin nan, ki ƙara murɗa shi. Kunnen nan nawa ya yi nauyi."

Na miƙa mata. Ta ɗora lasifikar a cinya ta rungume da hannu biyu, ludayin na maƙale a yatsunta.

"Fara daga farko," ta ce masa.

"Wane farkon?"

"Daga ranar da na fara tambaya. Abinci ya jira."

Baba ya gyara zama ya kwantar da haɓa. Ni kuwa na shiga kicin na sauke tukunyar, don miyar ta fara kamawa.